Tarihin Michael Faraday: Ɗan maƙerin da ya kai littafinsa a duba masa, ya bar wa duniya janareto

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Wad Madani ta bi gaɓar Shuɗin Nilu har zuwa Damazin, ya ga manyan turakun ƙarfe ɗauke da wayoyin lantarki suna ratsa gonakin dawa da riɗi da auduga. Tushen wutar da ake turowa cikin wayoyin nan shi ne madatsun ruwa biyu da ke kan kogin. Akwai madatsar Sinnar wadda aka kammala a 1925 domin shayar da gonakin audugar Jazira, aka kuma girka mata injinan ba da wuta a 1962. Sai madatsar Rusairis da ke kusa da Damazin, wadda aka gama a 1966, ta soma ba da wuta a 1971, sannan aka ƙara mata tsayin mita 10 a 2013. Garin Mai Wurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, yana tsakanin madatsun biyu, kudu kaɗan da Sinnar.

Inda wayar ba ta kai ba kuwa, ko ranar da aka ɗauke wutar, janareto ne abokin sana'a. Mai cajin waya da mai walda da mai sayar da ƙanƙara a kasuwannin Kurmuk da Gallabat, haka zalika takwarorinsu na Jibiya da Illela da Maigatari, duk da shi suke neman abinci. In aka buɗe cikin ƙaramin janareton shago, aka kuma leƙa cikin makeken injin madatsar ruwa, abu biyu za a tarar: maganaɗisu, wato mayen ƙarfe, da wayar jan ƙarfe da aka nannaɗe, wadda makanikai ke kira kwayil. Ɗaya yana juyawa kusa da ɗaya, wuta tana fitowa. Mutumin da ya gano wannan sirri, Michael Faraday, yaron shago ne da bai yi zurfi a makaranta ba, kuma ƙofar ilimi ta buɗe masa ne ranar da ya tattara abin da ya rubuta ya aika wa wanda ya fi shi sani don ya duba.

Mun ga ya dace mu kawo tarihinsa yanzu, ganin yadda yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023 ya rufe makarantu na tsawon lokaci a Jazira da Sinnar, yara da yawa suka koma tsaron shago da talla da tura amalanke, iyaye kuma suna tunanin ko karatun nasu ya ƙare ke nan.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Michael Faraday ranar 22 ga watan Satumba, 1791 a Newington Butts, wata unguwa da ke kudancin birnin Landan a ƙasar Ingila. Mahaifinsa James maƙeri ne da ya baro ƙauyensu a arewacin ƙasar ya zo birni neman abinci, sai dai rashin lafiya ta riƙa hana shi tsayawa a maƙera. Sunan mahaifiyarsa Margaret, kuma shi ne na uku cikin 'ya'ya huɗu. Gidansu mabiya wata ƙaramar ɗariƙar Kirista ce da ake kira Sandemaniyawa, wadda ta tsani tara dukiya da neman girma, kuma a cikinta ya rayu har ya mutu.

Abin da ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. A shekarar 1801 da abinci ya yi tsada a Ingila, sai da ta kai ana ba shi burodi guda ɗaya ya yi mako yana gutsura. Yana da shekara 13, a 1804, aka kai shi shagon wani mai sayar da littattafai da ɗinka su mai suna George Riebau. Aikinsa na farko aike ne: ya kai wa mutane jarida gida, in sun gama karantawa ya karɓo ya kai wa na gaba. Da maigidan ya ga amanarsa, sai ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na shekara bakwai daga watan Oktoban 1805, ya kuma yafe masa kuɗin da aka saba biya kafin a ɗauki ɗan koyo.

Riebau ya yi wani abu da ba kowane maigida ke yi ba. Ya bar yaron ya riƙa karanta littattafan da aka kawo ɗinki, ya kuma bar masa bayan shago ya yi 'yan gwaje-gwajensa in an tashi aiki. A nan ya ci karo da babin lantarki a cikin kundin ilimi na Biritanika, da littafin da wata mata mai suna Jane Marcet ta rubuta a kan ilimin haɗa sinadarai cikin sauƙin harshe. Da 'yan kuɗin da yake samu ya sayi tsofaffin kwalabe ya haɗa na'urar da ke fitar da tartsatsin lantarki. Wani littafin kuma, na Isaac Watts, ya koya masa hanyar neman ilimi ga wanda ba shi da malami: ya riƙe littafin rubuta abin da ya koya, ya halarci lacca, ya riƙa musayar wasiƙa da abokai, ya kuma nemi masu gyara masa kuskure. Faraday ya bi waɗannan shawarwari ɗaya bayan ɗaya.

A 1810, shekarar da mahaifinsa ya rasu, ya soma zuwa laccar dare da wani maƙerin azurfa mai suna John Tatum ke yi a gidansa. Kuɗin shiga sule ɗaya ne, kuma yayansa Robert, wanda ya gaji maƙera, shi ke biya masa. In ya dawo gida sai ya zauna ya sake rubuta laccar tsaf, ya zana na'urorin da ya gani, ya ɗinke ta zama littafi.

Littafin da ya aika a duba masa

Maigidansa ya riƙa nuna wa masu zuwa shago waɗannan littattafai na yaronsa, har labari ya kai ga wani mai suna William Dance. Shi ne ya ba Faraday tikitin shiga laccoci huɗu na Humphry Davy a cibiyar kimiyya ta Royal Institution a farkon 1812. Davy a lokacin shi ne masanin sinadarai da ya fi kowa suna a Ingila, manyan gari da matansu ke cika ɗakin laccarsa. Faraday ya zauna can sama cikin jama'a yana rubutu.

Ya fara rubuta wa Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society, yana neman ko da ƙaramin aiki ne. Amsa ba ta zo ba. Wa'adin koyon sana'arsa ya cika a watan Oktoban 1812, ya kama aiki a shagon wani maigidan daban, zuciyarsa kuwa tana wajen kimiyya. A ƙarshen wannan wata wani sinadari ya fashe ya ji wa Davy ciwo a ido, aka nemi mai kyawun rubutu ya taya shi na 'yan kwanaki, aka kawo Faraday. Cikin watan Disamba sai ya yi ta maza, ya ɗauki laccocin nan huɗu da ya sake rubutawa da zane-zane, shafi sama da 300, ya ɗinke su da hannunsa, ya aika wa Davy tare da takardar neman aiki.

Ranar 24 ga Disamba, 1812 Davy ya ba shi amsa. Ya yaba da ƙwazonsa da ƙarfin haddarsa da yadda ya mai da hankali, ya kuma ce zai gan shi. Da suka haɗu a farkon 1813, Davy ya ba shi shawarar ya riƙe sana'arsa, domin kimiyya ba ta cika ciyar da mai ita ba. Ba a jima ba aka kori mai taimako a ɗakin gwaje-gwajen cibiyar saboda faɗa, Davy ya tuna da mai littafin nan ya aika a kira shi. Ranar 1 ga Maris, 1813 Faraday ya kama aiki a kan sule 25 a mako, tare da wurin kwana a saman ginin.

Daga watan Oktoban 1813 zuwa Afrilun 1815 ya bi Davy da matarsa rangadi a Faransa da Italiya da Suwizalan. Tafiyar ba ta yi masa daɗi duka ba, domin an haɗa masa da aikin baran gida, uwargidan Davy kuma ta riƙa wulaƙanta shi. Ya daure, saboda a tafiyar ce ya ga Ampère a Faris da Volta a Milan, wanda ya ƙirƙiro batir na farko a 1800.

Mai neman a gyara masa

Faraday ya san inda yake da rauni, bai kuma ɓoye ba. Tun 1812 ya soma musayar dogayen wasiƙu da abokinsa Benjamin Abbott da nufin gyara rubutunsa. Shi da wasu samari, cikinsu har da Edward Magrath, sun riƙa haɗuwa da dare kowa ya karanta abin da ya rubuta, sauran su fito masa da kurakuransa na lafazi da nahawu ba tare da kunya ba, suka kuma yi shekaru a haka. Ya biya kuɗi aka koya masa magana a gaban jama'a. Da ya soma ba da lacca da kansa, Magrath kan zauna cikin masu saurare yana rubuta duk inda ya yi tuntuɓe, mai taimaka masa kuma ya ajiye masa kati a kan tebur in yana sauri ko in lokaci ya ƙure. Ko bayan da ya yi suna, yakan ba abokinsa Richard Phillips rubutunsa ya duba kafin ya kai a buga. Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa a kan haka ya gina rayuwarsa.

Allurar kamfas da wayar da ke zagaye

A 1820 wani malami a ƙasar Denmak mai suna Oersted ya lura cewa in lantarki na bi ta cikin waya, allurar kamfas da ke kusa da ita takan karkace. Wannan ne ya fara nuna cewa akwai dangantaka tsakanin lantarki da maganaɗisu. Masana suka yi ta rubuce-rubuce masu karo da juna, sai Phillips ya roƙi Faraday ya taƙaita wa mujallarsa abin da aka sani zuwa lokacin. Maimakon ya kwafe abin da wasu suka faɗa, sai ya sake yin gwaje-gwajen da hannunsa.

Ranar 3 ga Satumba, 1821 ya kafa sandar maganaɗisu a tsaye cikin ƙoƙon zaiba, ya rataya waya daga sama bakinta na taɓa zaibar, ya haɗa da batir. Wayar ta kama zagaya maganaɗisun ba tsayawa. Wannan ne karo na farko da lantarki ya juya wani abu ba ƙaƙƙautawa, kuma shi ne kakan fanka da injin ban ruwa mai amfani da wuta da injin markaɗe da muke gani a yau. A shekarar ce kuma, ranar 12 ga Yuni, ya auri Sarah Barnard, 'yar ɗariƙarsu. Ba su samu haihuwa ba.

Nasarar ta zo masa da ɓacin rai. Wani babban masani abokin Davy, William Wollaston, ya riga ya yi tunani mai kama da wannan ko da yake gwajinsa bai yi ba. Faraday ya neme shi bai same shi a gari ba, sai ya yi gaggawar buga sakamakonsa cikin watan Oktoba ba tare da ambaton sa ba. Nan da nan aka soma raɗe-raɗin cewa yaron Davy ya saci aikin manya. Ya je ya yi wa Wollaston bayani, shi kuma bai riƙe abin a rai ba, amma dangantakarsa da Davy ba ta koma kamar da ba. Davy ya yi adawa da shigar da shi ƙungiyar Royal Society, duk da haka aka zaɓe shi a 1824. A wannan karon ya fitar da aiki bai jira an duba masa ba, kuma ya ɗanɗana kuɗarsa.

A shekarun da suka biyo baya ya mai da iskar kilorin ruwa a 1823, ya gano sinadarin benzin a 1825, aka kuma naɗa shi shugaban ɗakin gwaje-gwajen cibiyar a wannan shekara. An kuma ɗora masa aikin inganta gilashin madubin hangen nesa, ya yi shekaru yana fama ba a samu abin da ake nema ba. Ya adana gutsattsarin gilashin bai zubar ba.

Shekarar 1831

Tambayar da ta daɗe tana damunsa ita ce: tunda lantarki na iya haifar da maganaɗisu, me zai hana maganaɗisu ya haifar da lantarki? Ya gwada sau da dama cikin shekarun 1820 bai ga komai ba, domin yakan ajiye maganaɗisun ne kusa da waya ya tsaya jira.

Ranar 29 ga Agusta, 1831 ya ɗauki zoben ƙarfe mai faɗin kamar inci shida, ya naɗa waya a gefe ɗaya, ya naɗa wata daban a ɗaya gefen, ba su taɓa juna. Ya haɗa ta farko da batir, ta biyu kuma da allurar awo. A daidai lokacin da ya haɗa batir allurar ta motsa sannan ta koma, da ya cire ta sake motsawa ta ɗaya gefen. Tsakanin haɗawa da cirewa kuwa shiru. A nan ya gane cewa canji ne ke haifar da wutar. Zoben nan shi ne taransifoma ta farko, kakar wadda ke kan turaku a bakin kasuwa da ƙaramar da ke cikin cajar waya.

Ranar 17 ga Oktoba ya tura sandar maganaɗisu cikin kwayil, allura ta motsa, ya zaro ta, ta sake motsawa. Ranar 28 ga watan ya juya faifan jan ƙarfe a tsakanin bakunan wani babban maganaɗisu, wuta ta riƙa fitowa muddin faifan na juyawa. Janareto ke nan. Ya gabatar da sakamakon ga Royal Society ranar 24 ga Nuwamba. A Amurka ma Joseph Henry ya kai ga irin wannan sakamako shi kaɗai, sai dai Faraday ya riga shi bugawa. A 1832 wani maƙerin na'urori a Faris, Hippolyte Pixii, ya ƙera janareton da ake juyawa da hannu.

Saboda haka aikin ruwan Shuɗin Nilu a Rusairis da Sinnar shi ne juya farfela kawai, kamar yadda aikin fetur a janareton shago shi ne juya inji. Da zarar maganaɗisu ya soma wucewa ta gaban kwayil, wuta ta samu. Haka abin yake a Kainji ta Nijeriya, haka kuma a babbar madatsar Habasha da ke kusa da iyakar Sudan, wadda aka ƙaddamar a watan Satumban 2025.

A nan akwai abin da zai ba ɗan kasuwa mamaki. Kafin wannan lokaci kamfanoni da kotuna kan biya Faraday ya auna musu kaya ya ba da shaida. Abokin aikinsa John Tyndall, wanda ya duba littafin kuɗinsa, ya nuna cewa abin da yake samu ta wannan hanya ya faɗo daga fam 1,090 zuwa fam 155 a 1832, daga baya ma ya kusa ƙarewa gaba ɗaya, domin ya zaɓi ya ba bincike lokacinsa. Bai kuma yi wa janareto rajistar mallaka ba, kowa ya ɗauka ya ƙera.

Filin maganaɗisu

In aka ɗora takarda a kan maganaɗisu aka barbaɗa garin ƙarfe, za a ga garin ya jeru layi-layi a lanƙwashe daga wannan baki zuwa wancan. Faraday ya tsaya a kan cewa waɗannan layuka suna nuna wani ƙarfi na gaske da ya cika sararin da ke kewaye da maganaɗisun, kuma wuta na samuwa ne in waya ta yanka layukan. Wannan sarari shi ne ake kira filin maganaɗisu, kalmar da ya soma amfani da ita a 1845. Manyan masana da yawa sun ɗauki maganar a matsayin tunanin wanda bai iya lissafi ba, kuma gaskiya ne lissafinsa bai yi nisa ba.

Bai ji kunyar neman taimako ba. A 1834, lokacin da yake binciken yadda lantarki ke raba sinadaran da ke narke cikin ruwa, ya rubuta wa William Whewell na jami'ar Kambirij ya taya shi zaɓen sunaye. Daga nan aka samu kalmar ayon, wato ƙwayar zarra mai ɗauke da caji da ke tafiya cikin ruwan batir. Dokokin da ya fitar a wannan fanni su ne ginshiƙin shafa wa zobe da sarƙa ruwan gwal ko na azurfa, irin waɗanda ake kasawa a kasuwanninmu.

Daga 1839 lafiyarsa ta taɓu, jiri da mantuwa suka sa ya rage aiki na wasu shekaru. Cikin watan Agustan 1845 wani saurayi ɗan shekara 21, William Thomson, ya rubuto masa cewa ya gwada layukan nan da lissafi ya ga sun tsaya, ya kuma ba shi shawarar wani gwaji da haske. Dattijon mai shekara 53 ya karɓi shawarar yaro. Ranar 13 ga Satumba ya ɗauko gilashin nan na aikin da bai yi nasara ba, ya sa shi kusa da babban maganaɗisu, ya tura haske ta cikinsa, ya ga maganaɗisun ya murɗa hasken. Wannan ne shaida ta farko cewa haske da maganaɗisu 'yan uwan juna ne.

A 1857 wani saurayin, James Clerk Maxwell, ɗan shekara 25, ya aiko masa da rubutunsa inda ya zuba layukan Faraday cikin lissafi. Yanzu shi ne a kujerar da Davy ya zauna a 1812, kuma ya amsa. Ya nuna cewa yawan lissafin ya fara ba shi tsoro, daga baya ya yi murna da ganin ra'ayin ya jure. A wata wasiƙar cikin shekarar ya roƙi masu lissafi su riƙa fassara sakamakonsu cikin harshen da kowa zai gane, don masu gwaji da hannu su amfana. A kan wannan tushe Maxwell ya nuna cewa haske igiyar lantarki da maganaɗisu ce, Heinrich Hertz ya tabbatar da irin waɗannan igiyoyi a Jamus a ƙarshen shekarun 1880, daga nan aka samu rediyo da wayar hannu.

Gwajin ƙarshe da ƙwayoyi masu caji

Ranar 12 ga Maris, 1862 ya yi gwajinsa na ƙarshe, yana neman ko maganaɗisu zai canza hasken harshen wuta. Bai ga komai ba, ya rubuta hakan a littafinsa yadda yake. Na'urorin zamaninsa ne ba su kai ba. A 1896 Pieter Zeeman a ƙasar Holan ya sake gwajin da na'ura mafi kyau ya ga canjin, malaminsa Hendrik Lorentz kuma ya bayyana cewa wasu ƙananan ƙwayoyi masu caji ne ke motsi cikin zarra, maganaɗisu na karkata su. A 1897 J. J. Thomson ya karkata waɗannan ƙwayoyi da maganaɗisu a Kambirij, ya auna su. Su ne ake kira ilektiron.

Wannan shi ne darasin da ake ba 'ya'yanmu na sakandare su yi a gida, kuma ga yadda yake a taƙaice. Ƙwaya mai caji in tana tsaye, filin maganaɗisu ba ya taɓa ta. In tana tafiya ta bi layukan a miƙe, nan ma ba ruwansa da ita. Amma in ta gitta layukan, sai ya ture ta gefe, ba gaba ba, ba baya ba. Wanda ya ga raƙumi yana juya turmin matsar man riɗi a Sudan zai gane abin: raƙumin gaba yake tafiya, itacen da aka ɗaura masa yana riƙe shi ta gefe, don haka yake zagaye. Itacen bai ƙara masa sauri ba, hanyarsa kawai ya lanƙwasa. Haka ƙwayar ke yin da'ira cikin filin maganaɗisu, kuma in filin ya ƙara ƙarfi da'irar ta ƙara matsewa. A cikin fanka, ƙwayoyin da ke gudu cikin waya ne ake turewa gefe, sai su ja wayar ta juya. A cikin janareto kuwa wayar ce ake gittawa da layukan, sai turin ya kora ƙwayoyin su bi tsawon wayar, wannan gudun nasu shi ne wutar da muke biya.

Ƙarshen rayuwarsa

Faraday ya yi wa jama'a hidima da iliminsa. Daga 1836 zuwa 1865 shi ne mai ba da shawara ga hukumar da ke kula da hasumiyoyin fitila masu nuna wa jiragen ruwa hanya, kuma a gabansa aka gwada fitilar lantarki a hasumiyar South Foreland a 1858. A 1844 ya binciki fashewar ramin kwal na Haswell inda mutum 95 suka mutu, ya ja hankali kan haɗarin ƙurar kwal. Sau 19 ya gabatar da laccocin ƙarshen shekara na yara a cibiyarsu, mafi shahara cikinsu darussa shida ne a kan kyandir. A 1862 ya ba da shaida gaban wani kwamitin gwamnati yana neman a sa kimiyya cikin darussan makarantu. Sau biyu aka yi masa tayin shugabancin Royal Society ya ƙi.

A 1858 Sarauniya Biktoriya ta ba shi gida a Hampton Court. Mantuwa ta ci gaba da cin ƙarfinsa har ya ajiye aiki, ya rasu a gidan ranar 25 ga Agusta, 1867 yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate. Ya bar littafin gwaje-gwaje mai sakin layi sama da 16,000, kowanne da lambarsa, wanda ya yi da wanda bai yi ba duk a rubuce. An sa wa ma'aunin kafasita sunansa, shi ne farad da masu gyaran rediyo da fanka ke gani a jikin kayan gyara, hotonsa kuma ya hau takardar fam 20 ta Ingila daga 1991 zuwa 2001.

Abin da ya rage gare mu

In muka bi tarihin nan za mu ga hannun mutane da yawa a ciki: maigidan da ya bar yaronsa ya yi karatu a shago, yayan da ya biya sule ɗaya, abokin cinikin da ya ba da tikiti, malamin da ya zauna ya duba littafi ya ba da amsa, da abokan da suka riƙa faɗa masa gaskiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai irinsa a rumfunan kasuwarmu.

Maigidan da ke da yaro a shago zai iya ware masa sa'a ɗaya bayan an rufe. Uban da ɗansa ya kawo masa littafin aikin gida, ko da bai iya karanta shi ba, zai iya kai shi wurin malamin da ke layinsu ko mai naɗa kwayil da ke bakin tasha. Ɗalibi kuma ya rubuta matakan lissafinsa duka har da inda ya kakare, domin mai dubawa ba zai iya gyara abin da aka ɓoye masa ba. Malamin da aka kawo wa littafi ya nuna layin da kuskuren ya fara, kada ya tsaya ga jan biro kawai. Kayan gwajin ma suna nan a kasuwa: maganaɗisun tsohuwar sifika, garin ƙarfe daga wurin mai walda, ƙusa da waya da batirin tocila sun isa yaro ya ga layukan nan da idonsa.

Littafin da Faraday ya ɗinka ya aika wa Davy a 1812 yana ajiye a cibiyar Royal Institution da ke Landan, tare da zoben ƙarfen nan na 1831, da wayarsa a nannaɗe yadda ya bar ta.